Rana Ɗaya, Gari Biyu

Argungu

Ƙanwata Nazifa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Direba na ba takardar nan, don an farfasa wayata.

Manhajar rabon injin ban-ruwa da kunka yi wa ƙungiyarmu ta jawo jini. Ta aiko muna saƙo cewa Asabar ranarmu ce, ta kuma aika wa mutanen Tungar Hodi haka nan. Munka haɗu bakin injin, kowa yana ɗaga waya, shinkafar kowa na ƙonewa. Wani ya ce, "Ɓarayin ruwa!" Sai adduna. An sare ni a kafaɗa. Sunusi, ɗan Baba Tamba na garinmu, an fasa mai kai da fartanya, yana asibiti bai san wanda ke kansa ba.

Mi ya faru? Ki gaya mini gaskiya.

Yayanki, Atiku

Badariya, Birnin Kebbi

Yaya Atiku,

Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ba ku lafiya.

Na gano. Manhajar tana nemo ranar kowane gari ne da sunansa. TypeScript, harshen kwamfuta da muke rubuta manhaja da shi, ya ja jan layi a wurin, yana gargaɗin cewa kowace kalma za ta iya shiga, har wadda babu ita a jerin garuruwan. Mujtaba, abokin aikina, yana sauri, sai ya rubuta "any", wato "kowane iri", ya rufe wa gargaɗin baki. Sakatarenku ya shigar da "Tunga Hodi", babu "r" ɗin "Tungar". Manhaja ta nema ta rasa, ta ba su ranar farko, Asabar.

Na cire "any", na sa "keyof", mai yarda da sunayen da ke cikin jerin kaɗai, na ƙara bincike a ƙofar shiga. Yanzu sunan da ba a sani ba, za ta ƙi shi nan take. Mujtaba kuka yake ta yi. Jibi zan taho da kwamfuta in nuna wa dattawa da idonsu. Ka gaida Inna.

Ƙanwarka, Nazifa

Argungu

Nazifa,

Salamu alaikum. Sunusi ya rasu, mun kai shi bayan Azahar. Samarinmu sun ƙone rumbunan Tungar Hodi, su kuma sun tura injin cikin gulbi. Gari biyun duk sunanki suke tambaya, sun ce ke kinka yi manhajar.

Kada ki taho. Allah ya tsare.

Atiku