Ƙwayar Sukari Uku da Aka Ƙwace wa Fiddausi

Idrisu Mamman,
Layin Famfo, Panshekara,
Ƙaramar Hukumar Kumbotso.
19 ga Mayu, 2025.

Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Sakandaren Al'umma ta Bakin Gulbi,
Panshekara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FAƊUWAR 'YATA FIDDAUSI A FILIN FARETI DA CIRE TA DAGA BADUJALAR MAKARANTA

Bayan sallama da girmamawa, ina neman izinin gabatar muku da ƙorafina kamar haka.

1. 'Yata Fiddausi, 'yar aji huɗu, shekararta goma sha biyar, tana da ciwon suga tun tana shekara tara. Kullum da safe takan yi wa kanta allura. Likita ya ce kada ta fita ba ƙwayar sukari a aljihu, domin idan sugan jininta ya faɗi, ita ce ceto. Ni da hannuna na kai takardarsa ofishin makaranta a Satumbar bara. Ita ce mai busa begila ta farko a badujalarku.

2. Malamin badujala, Malam Salisu, yana da doka: mai busa ba ya cin zaƙi, wai yawu mai sukari yana ɓata cikin begila. Ranar Talata, 13 ga Mayu, wajen atisayen faretin Ranar Yara, ya caje aljihun yara, ya ƙwace mata ƙwaya uku. Ta faɗa masa magani ne. Ya ce, "Kowane mai kwaɗayi haka yake cewa." Begila dai ta sami mai kula da lafiyarta.

3. Wajen sha ɗaya da rabi ta fara rawar jiki da gumi, maganarta ta sarƙe, ta faɗi. Malamai suka ce aljanu ne, tunda an saba gani a cikin 'yan mata. Aka kai ta gindin darbejiya, mutum huɗu suka danne ta, aka shiga ruƙiyya. Ba na raina ruƙiyya, ranka ya daɗe. Amma minti arba'in ana tambayar aljani sunansa, ba wanda ya tambayi ofis takardarta.

4. Wadda Allah ya kawo ita ce Asabe mai zoɓo ta bakin ƙofa, wadda ta yi jinyar mijinta kan wannan ciwo. Ta kutsa tana cewa, "Ku sake ta, malamai, ba iska ba ce, suga ne." Ta goga mata sukari a dasashi, ta tare adaidaita zuwa asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da wani zancen ake yi.

5. A lokacin ina kan inji a Challawa. A kamfaninmu waya a akwati ake barinta bakin ƙofa. Ƙarfe biyu na buɗe, na tarar da kira goma sha ɗaya. Tun ranar, duk sanda jiniyar tashi ta kaɗa sai in tsaya gaban akwatin nan in kasa buɗe shi. Ina jin tsoro, ban ɓoye muku ba.

6. Ranar Alhamis, 15 ga wata, maimakon ban haƙuri, aka aiko cewa an cire ta daga badujala, wai kada "su" tashi a gaban manyan baƙi. Ƙawayenta sun daina zama kusa da ita. Ba ta yi kuka a gabana ba. Amma bayan la'asar takan zagaya bayan ɗaki, ta dunƙule hannu a baki tana busa taken faretin a hankali, tana zaton ba mai ji. Ina ji.

Don haka nake roƙonku da a mayar da ita gurbinta kafin 27 ga Mayu, a ba ta izinin sukarinta a rubuce, a kuma kira ma'aikacin lafiya ya nuna wa malamai alamun wannan ciwo. Ba na neman a kori kowa. Idan tsoron lafiyar begila ake yi, ni zan riƙa zuwa ina wanke ta da ruwan ɗumi duk ranar hutuna.

Malam Salisu ya dawo da ƙwayoyin uku a ƙulle a leda. Ga su nan haɗe da wannan takarda, domin ku ga girman abin da aka kusa binne mini 'ya a kansa.

Allah ya ƙara muku girma da adalci.

Naku cikin ladabi,
Idrisu Mamman,
Mahaifin Fiddausi.