Yatsu Takwas a Shagon Gem

Ikara, Lahadi

Zuwa ga abokina Bobbo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da su Inna da Baffa da duk mutanen Hunkuyi. Ya shanu, ya kuma kewata?

Kada ka yi wa rubutun nan dariya, da hagu nake yi. A asibiti aka ce in riƙa cika shafi guda kullum don hannun ya saba, ni kuwa na ga da in zauna ina zana abacada kamar ɗan aji ɗaya, gara in rubuto maka. Wayata a kashe take, na gaji da amsa sannu. Sa'idu direba zai kawo maka wannan.

Abin da ka ji gaskiya ne. Injin matse rake na mijin Yaya Mukarrama a Makarfi ya tafi da babban yatsana na dama da manuniya. Na je taya su aikin mazarƙwaila na sati biyu, a kwana na huɗu abin ya faru. Ciwon ya warke. Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda shagon gem na Tanko, inda muke buga ƙwallon talabijin, ke yin tsit in na shiga. Shekara shida ina kan bencin masu wasan nan, doka kuwa wanda ya ci shi ke zama, ka kuma san wa ke zaman. Yanzu kujerar roba suke ajiye min a gefe, sai ka ce na zo karɓar gaisuwa.

Wani har shawara ya ba ni in koma gem ɗin waya, wai yatsa ɗaya ya isa. Ka san ra'ayina. Ka kulle kanka a ɗaki kana wasa da mutumin da ba ka taɓa gani ba, in ka ci shi ba ka ga fuskarsa ba, in sabis ya ɗauke a ce an ci ka. Wannan shafa gilashi ne kawai. Daɗin ƙwallo a fi-es, na'urar shagon Tanko, shi ne kafaɗarka na gogar ta abokin karawarka, kana jin sanda numfashinsa ya canza. Kuma har gobe tsohuwar na'ura ta fi min sabuwar da Tanko ya sayo. Sun ƙawata ciyawa da gumin 'yan wasa, sun ɓata fasin ƙwallo.

Na fara ɗora fad, abin dannawar wasan, a cinya ina dannawa da yatsu ukun da suka rage. Ka zo mu kara.

Naka,
Zakiyyu

Hunkuyi, Laraba

Zakiyyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, su Inna suna yi maka sannu da jiki. Saƙonsu ne, ba nawa ba.

Rubutunka na hagu ya fi na damanka kyau, dama can ba a gane shi. Kan sabuwar na'ura kuwa, hassada ce kawai, don a kanta na fara cin ka.

Ina zuwa Asabar da hantsi. Ina fata Tanko bai soke dokar hula ba, wadda duk wanda aka ci uku da nema ko fiye zai ɗora hularsa a kan talabijin ya koma gida kai tsirara. Ka sako mai kyau.

Ka huta lafiya.
Bobbo

Ikara, Lahadi

Bobbo,

Sallama da gaisuwa, don an koya mana yin su ko rai a ɓace yake.

Ga hularka nan cikin leda, Sa'idu zai ba ka. Da kaina na sauko da ita daga kan talabijin bayan tafiyarka. Ba na ajiye kayan sadaka.

Uku da nema! Ni da wannan hannun, da fad ke zamewa daga cinyata har sau biyu. Ka ɗauke ni wawa ne? Shekara nawa muna zama kafaɗa da kafaɗa? Na san ƙarar fad ɗinka kamar yadda na san tarin Babanmu. Kai da kake danne madannin gudu tun daga farko har a tashi, jiya ko sau ɗaya ban ji shi ba. 'Yan bayanka suna tafiya kamar masu dawowa daga gona. Kuma kai in ana cin ka shiru kake yi kana cizon leɓe, amma jiya har da cewa "Kai, wannan ta yi kyau." Mutanen shago suka yi min tafi. Tafi, Bobbo, a shagon da in ka ci ma sai an ce sa'a ce.

Ranar da injin ya kama ni ban yi kuka ba, kowa shaida ne. Jiya da na dawo gida na yi. Ina zaton ko duk garin nan sun mai da ni abin tausayi, kai za ka zo ka yi min dukan kawo wuƙa, in san inda na tsaya, in fara daga nan. Yanzu ko na ci wani, ta yaya zan san na ci?

Kada ka sake zuwa sai ka shirya yin wasa da ni kamar mutum.

Zakiyyu

Hunkuyi, Talata

Zuwa ga Yaya Mukarrama,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata kina lafiya, da Yaya Muktar da yara.

Na yi abin da kika roƙe ni, ga kuma sakamakon. Na haɗo miki da wasiƙarsa ki karanta da kanki. Tun a waya na gaya miki zai gane, kika ce in dubi Allah. Ban iya yi miki musu ba, don ke babba ce.

Ban faɗa masa daga ke abin ya fito ba, ba kuma zan faɗa ba. Amma Yaya, abokina ɗaya ne a harkar nan, kuma ina gab da rasa shi. Shawara ta rage gare ki.

Ƙaninki,
Bobbo

Makarfi, Alhamis

Zuwa ga ƙanena Zakiyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jiki yana ƙara sauƙi. Ka gaishe min da Baba da Umma. Muktar da Khairat suna gaishe ka.

Na rubuto ne in sauke wa Bobbo laifin da ba nasa ba. Ni na kira shi na roƙe shi ya bar ka ka ci. Ni ce kuma na aika wa Tanko cewa duk wanda ya tsokane ka a shagonsa, da ni yake yi.

Ranar da na zo Ikara duba ka, na leƙa ɗakinka ba ka gan ni ba. Ka ɗora abin wasan nan a cinya, yana faɗuwa kana ɗauka, yana faɗuwa kana ɗauka. Na koma ɗakin Umma na kasa cin abinci. Ni na matsa maka ka zo aikin raken nan, ka ce ba ka saba da injin ba, na ce ai ka fi ƙarfin zaman gem, ka zo ka yi abin da zai amfane ka. Wannan maganar ba ta bar kunnena ba har yau.

Ban san komai a kan wasanku ba. A ganina hoto ne ke gudu a talabijin, in an bar maka ka ci, wa aka cuta? Na so in ga ka yi dariya ne ko sau ɗaya. Da na karanta abin da ka rubuta wa Bobbo, na gane na ƙara maka ciwo. Ka yafe min duka biyun.

Yayarka,
Mukarrama

Ikara, Asabar

Yaya Mukarrama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da Yaya Muktar, a shafa min kan Khairat.

Na farkon babu abin yafewa. Rake ne ya maƙale, aka ce in jira a kashe injin, na ce ai yanzu zan zaro shi. Gaggawata ce da ƙaddara, ki cire kanki a ciki. Na biyun kuwa na yafe, amma sai da na yi kwana biyu ina fushi, kada ki ce ban faɗa miki ba.

Bari in gwada yi miki bayani. In kika dafa miya kowa ya ce ta yi daɗi, daga baya kika ji an gargaɗe su ne kada su kushe, za ki sake yarda da bakin wani? Haka gem yake. Na'urar ba ta san ɗan wa kake ba, ba ta san yatsunka nawa ba, abin da ka danna shi take ba ka. Shi ya sa nake son ta, yanzu ma fiye da da.

Na canza tsarin madannan, na mai da gudu hannun hagu, bugu kuma na ba ƙaramin yatsa. Na ɗinka wa fad ɗin igiyar roba ina ɗaure shi a cinya. Kullum bayan na dawo daga lambun tumatir ina yin awa biyu da na'ura, a mataki mafi wuya. Na ba kaina kwana arba'in.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki aika wa Tanko ki janye dokarki, a ci gaba da zagina kamar kowa.

Ƙaninki,
Zakiyyu

Ikara, Lahadi

Bobbo,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya jiya. Ka gaishe da su Inna, ka ce na gode da man shanu.

Shida da ɗaya. Mugu, ashe haka ka tara min. Tun minti na uku na ji madannin gudunka yana ƙara, na ce to, yau abokina ya zo. Da ka zura ta huɗu, ka ji abin da Tanko ya faɗa daga bakin ƙofa? "Ku ɗauke Ƙaguwar nan daga benci, masu hannu na jira." Shagon ya fashe da dariya, ni na fi kowa. Yau da safe ma a kasuwa da sunan aka kira ni. Wata uku rabon da in ji daɗi irin wannan.

Na ga inda nake da rauni. Ƙaramin yatsan yana makara wajen bugu, kuma in ka matso ni ta dama ina ruɗewa. Zan gyara. Kafin damina ta faɗi sai na karɓi bencina, ka rubuta ka ajiye.

Amma akwai abin da ke cina. Ƙwallon nan tawa ta minti tamanin da uku. Na ja ta gefen hagu, na ɗaga, golanka ya fito, ɗan gabana ya sa kai. Ita ce ta hana hulata hawa talabijin, kuma na san ka san da haka. Ban kalli hannunka ba a lokacin, ihun mutane kuma ya hana ni jin fad ɗinka. Ka yi min ƙarya sau ɗaya saboda Yaya, na wuce wannan. Yanzu don Allah nake tambayarka, ni na ci, ko kai ka fito da golan?

Duk amsar da ka ba ni zan ɗauka, in dai gaskiya ce.

Naka,
Zakiyyu

Hunkuyi, Talata

Ƙaguwa,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Wallahi ban bar maka ba. Hular nan na zo ɗauka, har na yi wa mutanen Hunkuyi alkawarin za su gan ta. Na fito da golan ne don na tabbata yatsanka zai makara, sai bai makara ba. Tun Asabar nake jin haushi, Inna har tambayata ta yi ko ba ni da lafiya.

Ka kunna wayarka haka nan. Ina zuwa Juma'a in rama.

Naka,
Bobbo