An Lulluɓe Kwamfutata da Leshi, Katin Ya Ƙone

Malam Modibbo, ka agaza mini da shawara, don duk wanda na faɗa wa damuwata sai ya fashe da dariya.

Ni mutumin Kusada ne. Na daɗe a Doha ina zana wa magina hoton gida tun ba a aza tubali ba, ka gani ka rantse an gama ginin. Na gaji da ƙasar nan, burina in koma gida in ci gaba da sana'ata daga can. Shi ya sa na haɗa babbar kwamfuta ta tebur, na sa mata katin sarrafa hoto, wanda shi ke ɗaukar nauyin zanen duka, na aika gidan yayana Ishaq a Kankia, aka haɗa mata sola. Ina tura mata aiki daga nan don gwaji, abu kuma yana tafiya.

Sai aka tashi suna a gidan. Matarsa Sa'a ta ga baƙi za su cika falo, ta ɗauko leshinta mai kauri ta lulluɓe kwamfutar ruf, yadda take yi wa talabijin, alhali tana tsakiyar aiki. Abin da fankoki ke yi wa fifita ba hutu! Katin ya dahu. Ban zagi Sa'a ba, girmama kwamfutar ta yi.

Haushina yana kan masu ƙera katin. Sun juya mana baya, sun koma yi wa manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira bauta, mu sai ƙanzon tukunya. Wai nan gaba ba mai aje inji a ɗaki, sai dai ka yi hayar ƙarfinsa ta intanet. Na san ni ma ta intanet nake tura wa tawa aiki, amma tura aiki ka jira daban, zane kai tsaye daban. Su zo ƙauyenmu Dudunni da damina su nemi sabis mu gani. Ga kuma 'yan gayun da ko akurki ba su taɓa zanawa ba, suna ce mini ai waya ta isa. Ishaq ya daina ɗaukar kirana don kunya. In sake sayen kati, ko in haƙura da komawa?

Naka,
Gajiyayye daga Doha

Ɗan'uwa, sannu da wannan asara.

Kana da gaskiya, kamfanonin nan inda romo yake suka bi, kuma hayar ƙarfi ta intanet za ta ƙara yaɗuwa ko ka raina ta. Amma muddin sabis yana zuwa yana ɗaukewa, inji a ɗaki bai mutu ba. Saboda haka kada ka jira hukuncinsu. Sayi matsakaicin kati, ba sarkin katuna ba. Ranar da aiki ya fi ƙarfinsa ka yi haya, ba abin kunya ba ne.

A fitar da kwamfutar daga falo, a ba ta ɗaki mai iska. Ka gaya wa Sa'a cewa abin nan numfashi yake yi kamar ɗan akuya, za ta fi kowa kiyaye shi.

Shirun Ishaq ya fi katin damuna. Yaya ba ya son ƙane ya ga gazawarsa. Ka kira shi ta wayar Sa'a, ka fara da barkar jariri, kada ka ambaci kwamfuta sai shi ya tayar. In ya tayar, ka faɗa masa watan da za ka sauka gida, don komawarka ba fashi.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa albarka a sana'a.

Modibbo