Na Tafi da Robar Yogot

Baban Najwa,

Ban tashe ka ba tunda night shift ka yi. Na tafi Lewisham yi wa amarya lalle, sai bayan la'asar.

Ka tuna jiya da ka yanke robar yogot ka kifa a kan flash ɗin kyamara, na ce ba zan shiga gidan biki da wannan abin ba? To, da safe na aro ring light, fitilar ɗaukar hoto, wajen Zarah ta flat ɗin sama, irin wanda nake ta cewa ka saya min. Na gwada duka biyun a lallen hannun Najwa. Da na Zarah, hannun yarinyar nan ƙyalli yake kamar soyayyar kaza, zanen ma ya ɓace. Da robarka kuwa har siraran layukan sun fito. Na tura wa uwar amarya hoton da na ɗauka da robarka, ta ce lallai in zo da "wannan kyamarar mai tsada".

Don haka na tafi da robar. Na naɗe ta a ɗankwali.

Za a kawo kwali yau da sunana. Ring light ne, tun shekaranjiya na yi order ban faɗa maka ba. Ka karɓa, kar ka buɗe, mayar musu zan yi.

Tuwonka na fridge. Miyar tana kofin shayi, don na yanke ɗaya robar ma, ko da wannan za ta fashe.

In na dawo ba sai ka ce komai ba.

Karimatu