Notin da Injiniya Ya Hau da Ƙafa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya raya yara, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara ya koma aiki, Auta ta gama jarrabawa. Inna tana samun sauƙi, sai dai sauƙin ya koma baya da mako uku, kuma abin da ya mayar da shi baya ne ya zaunar da ni rubutu. Na zaɓi takarda don a waya ba ka barina in kai aya, sai ka yi ta cewa in yi haƙuri.

Saƙonka ya iso ta bakin Baffa, wai in je in ba ɗansa haƙuri don na ci masa fuska a garejinsa. Ka ji nasu, yanzu ga nawa. Ka san tun da aka yi wa Inna aiki a ƙugu, duk Talata nake kai ta gashi asibiti a akori-kurar marigayi Baba, don ita kaɗai ce mai kujerar da Inna ke iya zama ba ta durƙusa ba. Hanyar kuwa ramuka ne da ɗan kwalta a tsakani. Shokozoba biyu na baya sun mutu, kowane rami sai Inna ta cije leɓe. Saboda ita na sayi sababbi, na kai wa ɗan Baffa, wanda kuke kira Injiniya, ban dai san wanda ya ba shi takardar ba.

Kafin in je na karanta littafin motar, wanda Baba ya bari naɗe cikin leda a aljihun gaba, har da layukan da ya ja da fensir. Magana biyu ce kacal. Ta farko, kowane noti da awon ɗaurinsa, na sama daban, na ƙasa daban, kuma da sifana mai awo ake ɗaurewa, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Ta biyu, ba a yin ɗaurin ƙarshe mota tana kan jak, sai an sauke ta ta zauna kan tayoyinta, in ba haka ba robar da ke idon shokozoba za ta murɗe ta yage. Na faɗa masa cikin lalama. Ya yi dariya har da tafi, ya ce shekara ashirin hannunsa ne awonsa, malamar adabi ta tsaya a kan waƙoƙinta ta bar masa ƙarfe. Daga nan ya zura bututu mai tsawon hannu a bayan sifana, taya tana lilo a sama, ya hau da ƙafa ya danna da duk nauyinsa, kuma ka san Allah bai hana shi nauyi ba. Da kunnena na ji notin ya yi ƙara. Ya ce kukan lafiya ne, ko jikokinsa ba za su iya kwance shi ba.

Ba a kai ga jikoki ba, Yaya. Kwana tara aka yi. Muna dawowa daga gashi, dab da gada, na faɗa wani ramin da ko sunan rami bai cancanta ba, sai ji na yi gau! Notin ƙasa na dama ya karye, shokozoba ya sauko yana dukan ƙarfe, bayan motar ya kama tsalle kamar kwale-kwale. Inna ta yi ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da ta faɗi. Likita ya ce ƙarfen da aka sa mata bai goce ba, Allah ya tsare, amma matar da ta fara takawa da sanda ta koma sai an ɗaga ta.

Wani tsohon bakanike na kusa da asibitin ne ya gyara. Ya nuna mini yadda notin ya miƙe ya sirance a tsakiya kamar alewar da aka ja. Robar hagu kuma ta riga ta yage. Kafin in buɗe baki ya tambaya ko littafin motar na nan. Ya sauke ta ƙasa, ya saita sifanarsa, ya ja a hankali, ƙas, ya tsaya. Saura kaɗan in yi kuka a gaban bawan Allah.

Cin fuskar da ake ta yayatawa kuwa, ga ta. Na je na ajiye masa karyayyen notin a kan teburinsa. Ya ce jabu ne. Na ce nasa ne, daga akwatinsa ya ɗauko. Ya ce to ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma ban ga ta hau bututu da ƙafa ba, shi na gani. Masu jiran gyara suka yi dariya, wannan kuma ba ni na sa su ba. Na ɗauki notina na fito.

Ka san wanda na fi jin haushi? Ni kaina. Na karanta, na sani, ina tsaye ina kallo, amma daga faɗa sau ɗaya na yi shiru don kada dangi su ce na fiye baki. Shirun zumuncin nan ƙugun Inna ne ya biya shi. Yanzu kuma kuna so in ƙara wani. Baffa ya ce motar gida a gida ake gyara ta. Na yarda, ranar da ɗansa ya mallaki sifana mai awo, na kuma ji ƙas ɗin da kunnena. Kafin nan ko iskar taya ba zai duba ba.

Talatar da ta wuce, Inna ta yi barci a mota tun daga ƙofar asibiti har gida. Barci, Yaya, a kan wannan hanya. Rabin notin yana cikin ambulan ɗin nan, ɗaya rabin yana jakata. Ka juya shi a tafin hannunka, ka dubi inda ya sirance, ka tuna wadda ke zaune a motar. In har ka gama kallo kana ganin ni ce zan ba da haƙuri, kira ni, zan saurara har ka kai aya.

Ka gaida Anti da kyau, da 'Yan Biyu, da Likitar gida, Allah ya ba ta sa'ar karatu. Inna tana sa muku albarka, ta ce ka rage hawan bene.

Ƙanwarka,
wadda kuke ce wa Lauya