Raka'a Biyu a Falonmu

Umma,

Assalamu alaikum daga Dubai. Yaya ƙafar taki, yaya Baba da mutanen garinmu Mansura?

Na ji kina gaya wa maƙwabta cewa ɗanki a gaban jirgin sama yake zama, kujerarsa har gado take komawa. Gaskiya ne. Amma Umma, daga nan zuwa Doha, inda aiki ke yawan kai ni, awa ɗaya ce. Kafin kujerar ta gama kwanciya, an ce a tayar da ita. Jiya ma'aikaciyar jirgin ta ce, "Injiniya Medhat, kai ne kuma? Wai ba ka da gida ne?" Na yi dariya.

Lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon baya. Ki ba Ragab, tunda zai zo Dubai, man zafin nan naki ya taho mini da shi.

Ranar Asabar na ja wa surukarki Hala sallar La'asar a falonmu, sai na sallame a raka'a biyu. Ƙasaru ta riga ta bi jikina. Hala ta cika tata raka'a huɗu, ta naɗe darduma, ta ce, "Ashe a nan ma matafiyi ne kai."

Ita ba dariya take yi ba, Umma. Ki sa mu a addu'a. Gobe Kuwait.

Ɗanki,
Medhat