Ƙafar Mama da Idon Surukinta

Tsibirin Bubeke, Litinin

Yaya Bukenya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Nassali da yara. Ya aiki a garin Masaka? Na ba mai kwalekwale wannan takarda, don waya a nan sai an hau dutsen bayan coci take kamawa.

Yaya, tsoro nake ji. Gyambon ƙafar Mama ya fara wari. Ka san mijina Mukiibi ne ma'aikacin lafiyar tsibirin, a hannunsa wayar asibiti take, wadda likitar birni ke duba marasa lafiya ta cikinta. Kowa ya amfana, ban da uwarmu. Wai suruki ba ya ganin jikin uwar matarsa, in ya gani ciwon makyarkyata zai kama ta. Na ce to ni in ɗauki hoto. Ta ce, "Ke Nabukenya, hoton a aljihun wa zai kwana? Karatunki bai ƙara miki kunya ba."

Da ƙyar muka kai ta kan dutse, ta yi magana da likita daga bayan zani, Mukiibi ya juya baya. Ka san me ta ce? "Ɗan ƙurji ne, 'yata." Aka rubuta mata man shafawa. Na dawo gida ina kuka.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Nabukenya

Asabar

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu dai ba lafiya.

Ran Talata Mama na barcin rana na ɗaga zaninta na ɗauki hoton. Mukiibi ya hau dutse da wayar, ya dawo ya ce ya tura. Kwana uku muna jira, ina ta zagin likita a zuci.

Jiya na hau da kaina na duba. Ashe hoton bai tafi ba. Bawan Allah runtse ido ya yi ya danna, don kada ya ga ƙafar surukarsa, kuma bai sake buɗe wurin ba. Na ce, "Mai asibiti guda, da ido rufe kake aiki?" Ya ce, "In ta fara makyarkyata, ke ce za ki fara cewa ni ne." Gaskiya ya faɗa.

Na tura. Nan take likita ta kira, tana tambaya ina baƙin da ya kewaye gyambon ya kai yanzu. A hoton iyakarsa idon sawu. Yanzu kuwa ya kusa gwiwa, ga zazzaɓi. Ta ce a kawo ta asibitin birni maza-maza, kuma ba ta yi alkawarin za a ceci ƙafar ba.

Maza duk sun tafi kamun kifi. Mama ba ta iya takawa, ni ba na iya ɗaga ta, ta kuma rantse gara ta mutu a kan tabarmarta da Mukiibi ya taɓa ta. Yaya, ka biyo kwalekwalen safe. Kai kaɗai ne za ta yarda ka ɗauke ta.

Taka cikin fargaba,
Nabukenya